Zaren Mas'udu Bai Yi Ƙarya Ba

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma ɗaya bayan ɗaya. Ranar Talata, shida ga watan Mayu na 2025, takwas ga Zulƙida, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Malam Mas'udu bakanike, mai garejin babura a unguwar Damba cikin Gusau, bayan jinyar ciwon ƙoda ta wata biyar. An yi masa sutura bayan azahar. Ya bar matarsa Hajiya Zainab da 'ya'ya shida.

Ni ne Ɗanlami na Kekun Waje, mai sayar da hatsi. Ban yi boko ba. Ɗiyata Bara'atu ke riƙe da biro, na kuma gaya mata duk inda ta sassauta mini magana don ta rufa mini asiri, ban yafe ba. Waɗanda suka san abin da ke tsakanina da mamacin za su ce me ya kawo wanga tsoho cikin masu yabo. Ku yi haƙuri ku ji.

Mas'udu, ni na koya maka hawan babur, shekara arba'in da wani abu ke nan. Ranar farko ka afka gonar auduga, ka tashi gwiwarka na jini, amma babur ɗin ka fara dubawa kafin ƙafarka. Daga baya ka tafi koyon gyara, ka dawo ka fi ni sanin ƙarfe nesa ba kusa ba. Ban taɓa faɗa ba sai yau.

Ban manta damunar da babur ya mace mini a hanyar Magami da buhu huɗu na masara ba. Na aika maka ta bakin wani direba, ka zo cikin ruwa, ka cire ledar da ka rufa ka lulluɓe mini buhunan, kai kuma ka tsuguna cikin taɓo kana hure kafireto da bakinka. Matan Damba ma shaida ne. In mace ta kawo injin markaɗe, kakan ajiye babur ɗin Alhaji ka fara da nata, ka ce, "Wannan tuwon gida ne, wancan yawo ne, yawo ya jira."

Amma abin da ranka ke so shi ne manyan baburan nan na tsere, masu silinda huɗu, waɗanda mahayi ke kwanciya a kan tanki. Kana da naka, tsoho, shuɗi, wanda ko ƙuda ba ka yarda ya sauka a kansa ba. Da tafiya mai nisa ta zama abin tsoro a ƙasarmu, kai ka tara masu sha'awa, su Ezekiel ma'aikacin asibiti da Alhaji Umaru mai yadi, kuka share wani tsohon filin kwalta da masu aikin titi suka bari a gefen hanyar Bunguɗu. Duk Asabar da safe kuna zagaye a can, ba mota, ba akuya, kuma wanda bai sa hular kwano ba ko ɗan wane ne ba ya hawa. Duk mai son sayen tsohon babur kai yake ɗauka. Na sha jin kana cewa a je da sassafe tun inji na sanyi, don mai sayarwa yakan ɗumama shi ya ɓoye tarinsa. Ka ce a dubi kan notuna, su ke faɗin hannu nawa ya shiga ciki. Ka ce kada mutum ya sayi wanda kayan gyaransa sai an aika Legas, kada kuma ya sayi ƙarfin da ya fi zuciyarsa.

Shekara huɗu da suka wuce ɗana Haliru, wanda ke aikin gwamnati a Gusau, ya ce shi ma zai shiga cikinku. Muka tafi Tsafe mu uku, ni da kai da shi, wurin wani dillali mai babura 'yan Kwatano. Biyu ne suka rage a zaɓe. Ɗaya ja, irin naka sak, fenti na ƙyalli, da aka tayar da shi sai da kajin gidan suka watse. Ɗayan baƙi, kujera a yage, ya fi ƙanƙanta, sautinsa kamar na mai jin kunya. Ni da kunne nake sanin inji, kunnena kuma ya ce jan. Na faɗa da ƙarfi. Na ma ɗauko ƙusa na ɗaga kujera na zana alamata a jikin firam, wato ƙashin babur ɗin, zane uku da gicciye, irin wadda nake sa wa buhunana, don kada a musanya mana.

Kai kuwa sai ka ciro zaren magina daga aljihu, ka ɗaura a tayar baya, ka ja shi zuwa ta gaba, dama da hagu. Gefe ɗaya zaren ya taɓa taya, ɗaya gefen yatsu biyu suka shige. Ka kankare fenti kaɗan a wuyan babur da farce, ka ce, "Yaya, wanga ya taɓa cin karo. An buge shi an yi walda an shafe. Inji lafiya lau, kunnenka bai yi kuskure ba. Amma ranar da Haliru ya kwanta a kwana, wuyan nan zai rabu."

A gaban dillali. A gaban masu shan shayi. Wani ma ya yi dariya ya ce, "Baba, zare ya kayar da kai." Ka ce kunnena bai yi kuskure ba, amma ni wannan ban ji ba, dariyar kawai na ji. Na dubi Haliru na ce in ya sayi baƙin, kada ya kuskura ya taka ƙofar gidana da shi. Haliru mutum ne mai 'ya'ya uku, amma bai taɓa tsallake maganata ba. Ya sunkuyar da kai ya sayi jan.

Daga nan bakina ya fara aiki. Na faɗa a kasuwar hatsi, na faɗa a tasha, na faɗa a wurin ɗaurin aure, cewa Mas'udu ɗan kamasho ne, sun haɗa baki da dillali a kan baƙin babur, zaren kuma dabara ce ta cin ƙauyawa. Ban ga an ba ka ko goro ba. Ƙirƙira na yi, na maimaita har ni kaina na yarda.

Jan babur ya kwana uku a garejinka, Haliru ya ce juyen mai ne da sabon birki. Ya fito yana tafiya kamar ruwa. Ni da ba ruwana da tsere, na mayar da Asabar ranar zuwa fili. In hau ɗan ƙaramin babur ɗina tun daga Kekun Waje, in zauna a inuwa, duk zagayen da Haliru ya yi in ɗaga murya: "Mai zare! Wuyan bai rabu ba tukuna?" Kai kana tsugune kana gwada iskar tayar wani, sai ka ɗago ka yi murmushi ka ce, "Allah Ya ƙara tsarewa, Yaya." Wannan murmushin ya fi zagi ƙona mini rai.

Tun daga wannan makon ba a sake ganinka a kan shuɗin babur ɗinka ba. Shi ma na samu abin faɗa. Na ce tsoro ya kama ka, na ce talauci ya sa ka sayar. Ezekiel ya taɓa tasowa fuskarsa a murtuke zai yi mini magana, ka riƙe masa hannu.

Da ka kwanta ciwo Haliru ya roƙe ni sau uku in je dubiya. Na ce wanda ya kunyata ni a Tsafe shi zai fara zuwa. Ranar jana'iza na tsaya a sahun ƙarshe.

Ranar uku Hajiya Zainab ta aiko a kira ni. Ta tsaya bayan ƙofa ta ce, "Malam Ɗanlami, akwai kayanka a gareji, Abdulaziz zai buɗe maka." Abdulaziz babban ɗanka, wanda ya gaji sifanunka na gyara, ya kai ni ɗakin baya. Ga injin shuɗin babur a kan katako an rufe da buhu, ga tankinsa, ga tayoyinsa a jingine. A bango kuma wani firam na rataye. Na matsa. Zane uku da gicciye. Hannuna ne. A wuyansa, ƙarƙashin tsohuwar walda, tsaga ce wadda farcena ya shige ciki.

Ashe a kwana ukun nan da jan babur ya yi a garejinka ka kwance babur ɗinka ƙusa-ƙusa, ka cire lafiyayyen ƙashinsa ka sa wa ɗana, ka mayar da jan tanki da jajayen marufai a kai. Haliru ya je ya gyara takardun babur ɗin, ya san ubansa ba zai karanta ba. Shekara huɗu ɗana na kwanciya a kwana a kan ƙashin babur ɗinka, ni ina inuwa ina yi maka ihu.

Kada in ɓoye, ko a nan sai da na yi gardama. Zarenka na rataye a ƙusa, na ɗauka na ja shi a jikin firam ɗin daga wuya zuwa wutsiya, sau uku, ina neman ya ba ni gaskiya ko da rabi. Bai ba ni ba.

Kuma ina da ƙorafi a kanka, Mas'udu, ba zan fasa faɗa ba don ka mutu. Ka mayar da ni yaro. Haliru ya sani, Ezekiel ya sani, Alhaji Umaru ya sani, duk filin nan sun sani, ni kaɗai nake rawa ba kiɗa. Me ya hana ka jefo mini ƙarfen nan a gaban jama'a? Na tambayi Haliru haka, ya ce shi ma ya tambaye ka, ka ce, "In na nuna masa, zai rantse sai an mayar da tsohon firam ɗin, don kada a ce zare ya ci shi. Bar shi ya zage ni, kai dai ka riƙa komawa gida da ƙafafunka." Gaskiyarka, abin da zan yi ke nan. Ka san ni fiye da yadda na san kaina, wannan ma ya ba ni haushi.

Na koma ƙofar Hajiya na ce ta yafe mini. Ta ce, "Shi ya yi alkawarin ɓoyewa, ni ban yi ba. Shi ya yafe maka tun kana faɗa. Ni ce ban yafe ba. An kira 'ya'yana ɗiyan ɗan kamasho a makaranta. Akwai masu babur da suka bar garejin nan saboda bakinka, har yau ba su dawo ba, kuma da garejin nan marayu za su ci. Inda ka ɗaura, can za ka je ka kwance."

To ga shi ina kwancewa. Duk wanda ya ji daga bakina cewa Mas'udu ya ci kamasho, ƙarya na yi. Duk wanda ya ji na ce tsoro ya sauke shi daga babur, ƙarya na yi. Don ɗana ya sauka. Duk wanda ya ɗauke babur ɗinsa daga Damba saboda ni, ya mayar, Abdulaziz na nan, kuma a hannun ubansa ya koya. Jiya na ɗaure firam ɗin a bayan babur ɗina na kai shi kasuwar hatsi, na jingine a bakin rumfata, duk mai tambaya na nuna masa alamata da tsagar. Wasu sun yi dariya. Na tsaya har suka gama. Gobe tasha, Asabar kuma fili, Haliru zai karanta wannan takarda a inuwar da nake zama, ni ina tsaye.

Ya Allah, bawanKa Mas'udu ya rufa asirin wanda ke tona nasa, Ka rufa masa asiri ranar tsayuwa. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sa ciwon da ya sha ya zama kankarar zunubi. Duk zagayen da ɗana ya yi ya sauka lafiya, Ka rubuta masa lada. Ka ba shi Aljannar Firdausi, Ka shirya masa zuriya, Ka sa albarka a garejinsa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Abdulaziz da ƙannensa, da 'yan'uwa na Gusau da Tsafe, da abokan Asabar, Musulminsu da Kiristansu. Allah Ya ba ku haƙuri, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen.

Hajiya Zainab, ke ce ta ƙarshe. Ban ce ki yafe yau ba. Zaren yana aljihuna, na ɗauko ban tambaya ba. Ranar da kika ji labarin ya kai duk inda ƙaryata ta kai, ki aiko mini ko in riƙe shi ko in dawo da shi. Duk wanda kika ce, ba zan yi gardama ba.