Sandar Gilashin Kawu Mamman

Duk wanda ya yi sallar Juma'a da mu a Greensboro ya san sandar Kawu Mamman, wan mahaifiyata. Sanda fa ta gilashi, a murɗe, da zaren ja da shuɗi a cikinta!

A ƙofar wani gida a Irving Park ya samo ta, inda wata tsohuwar Baturiya ta baza tarkacenta. Ta ce kakanta ne, ma'aikacin masana'antar gilashi, ya yi ta da ragowar narkakken gilashi bayan an tashi aiki, don ado kawai, a bango ake rataye ta. Kawu ya ce, "Madam, kakanki ya sha wuta a kanta, ke kuma kin bar wa ƙura. Kawo."

Ba a daɗe ba ɓarin jikinsa ya shanye. Likita ya ce shi da tafiya sai da abin dogarawa, ya haɗo shi da na ƙarfe mai ƙafa huɗu. Na je dubiya, na tarar an shanya singileti a kai.

Na ce, "Haba Kawu!"

Ya ce, "Me? Ai yana aiki."

Ya rantse ranar da 'yarsa Rakiya za ta gama jami'a da ƙafarsa zai shiga, ba mai tallafe shi. Kullum yana jan ƙafa a bakin titin High Point, sandar gilashin na gaba kamar tuta. Ranar da ƙanƙara ta zuba, santsi ya kwashe shi, tim! Muka ruga. Ga Kawu a rigingine, hula can, hannu a sama riƙe da sandar.

"Ku dube ta tukuna! Ta tsage?"

Wallahi haushi ya kama ni. Na ce sandar da ba a jingina da ita, amfaninta me? Ya harare ni: "Kai dai sakarai ne. Wancan na ƙarfen in na riƙe, har in mutu shi zai ɗauke ni. Wannan kuwa dole ni in ɗauke ta."

Ranar bikin na miƙa hannu, ya buge shi. Ya ratsa zauren nan a hankali, gumi na ɗiga, bai tsaya ba. Rakiya ta hango shi daga layi, ta rushe da kuka. Ni ma na yi, ba na ɓoyewa.

Kawu, ka sha wuya, kuma ka iso. Allah ya jiƙanka, ya yafe maka, ya sa ka huta.