Ranar da Na Karɓi Tuƙi Daga Hannun Malamina

Na daɗe ina tuƙa jirgin sama, amma akwai tashi ɗaya da har in mutu ba zai fita daga raina ba.

Wata kaka ce, tsuntsayen jan-baki suka addabi masu shinkafa a bakin madatsar ruwa ta Tiga. Aka ba tsohon malamina, wanda ya koya mini tuƙi, aikin leƙo makwancinsu da ƙaramin jirgi. Ya ce in zo in raka shi. Na hau a matsayin ɗan rakiya, ban tambaye shi komai ba. Yo wa zai dubi mutumin da ya raine shi ya ce nuna mini lasisinka?

Mun wuce Bebeji da Kiru lafiya lau, muna ta hira. Sai da muka doshi dajin Falgore na ga yana ƙanƙance ido, yana kai fuska dab da agogon da ke nuna nisanmu da ƙasa.

"Karanta mini wannan," in ji shi.

Na karanta masa. Na ce, "Baba, yaushe rabonka da likitan ido?"

Ya ce, "Saboda idon nan sun ƙi sabunta mini lasisi. Amma hannuna bai manta ba."

Wallahi tausayinsa ya kama ni, tsoro kuma ya fi. A jirgin nan ni kaɗai ke da lasisi mai rai, kuma yanzu na san gaskiya. Ko fiffike ya goga a ƙasa, ni hukuma za ta tuhuma, ba mai sauraron cewa rakiya na yi. Lasisin nan kuwa shi ne abincin iyalina. Ga shi kuma ba zan iya buɗe baki in ce wa dattijon nan sauka daga kan tuƙi ba.

Sai na ce, "Baba, rabonka da ganin tuƙina tun ina ɗalibi. Ka gwada ni yau mana, ka ga ko na lalace."

Ya dube ni ya daɗe, sannan ya saki hannu. Na juya da mu ta kan Tudun Wada, yana ta yi mini faɗa kamar da, wai ina karkata da yawa.

Da muka sauka Kano ya dafa kafaɗata. "Ka ci jarrabawa. Na kuma gode da ka rufa mini asiri." Bai sake tuƙi ba.

Tun ranar, kowa zan bi, a ƙasa nake tambayarsa takardarsa, ko da ya haife ni. Jin nauyin tambaya a ƙasa ya fi sauƙi a kan jin sa a sama.