Rediyon da Baba Eriya Ya Kashe da Hannunsa

Shagon Baba Eriya taku uku ne a faɗi, huɗu a tsawo, kuma a cikin wannan ɗan wuri ya yi shekara talatin da huɗu yana gyaran rediyo. Tsawonsa kamar eriyar rediyo ne ya jawo masa sunan. Dogo ne siriri, in ya miƙe sai ya sunkuyar da kai saboda fankar sama. Ranar da aka ƙirga, rediyo sittin da ɗaya ne jere a kan katakan bango, tara daga ciki masu su sun manta da su. Yanzu da wayar hannu ta kashe kasuwar, yana haɗawa da dutsen guga da tocila, amma ka kira shi mai gyaran tocila ka gani in zai waiwayo.

Ƙa'idarsa biyu ce a aiki. Ta farko, duk rediyon da ya buɗe sai ya yanki farin salatif na takarda ya manna a cikin murfi, ya rubuta ranar da abin da ya yi. "Don wanda zai buɗe bayana kada ya zagi uwata a banza," in ji shi. Ta biyu, ba ya gwada rediyo da kiɗa. Ya ce kiɗa yana rufa wa lalatacciyar sifika asiri, muryar mutum ce ke tona ta. Saboda haka da labarai yake gwaji, kuma a ranar aiki yakan ji su sau goma, wani lokaci sha biyu.

Labarai sau goma a yini ba ƙaramin kaya ba ne. A shekarunsa na farko sun kusa kayar da shi. An yi wani yaƙi a ƙasar da ko hanyarta bai sani ba, amma kullum yana cikin kunnensa: gawa kaza, gari kaza ya faɗi, yara kaza. Ya daina gama abincinsa. Ya ƙona rediyo uku a mako guda. Ran na ukun ya ajiye ƙarfen dalma da yake liƙa wayoyi da shi, ya zauna yana kallon wani babban rediyo da ya gagare shi, wanda ya riga ya manna wa takarda zai tura wa ubangidansa na babbar kasuwa. Nan tunanin ya zo masa. Abin da ya fi ƙarfinsa ai ba ya kwana da shi a shago, rubuta masa takarda yake ya miƙa wa wanda ya fi shi.

Ya yanki salatif, ya rubuta sunan garin da aka ambata a labaran, ya manna a bangon da ke bayan kujerarsa. Bayan sallar azahar ya ɗaga hannu ya kira sunan garin, ya roƙa wa mutanensa sauƙi, ya shafa. Ya koma kan aiki, bai sake ƙona rediyo ba.

Shekara ashirin da shida ke nan. Ya manna sunaye ɗari biyu da tamanin da bakwai. Duk garin da ya ji hankali ya kwanta, sai ya ɓare nasa ya jefa a gwangwanin madara. Akwai ɗari biyu da arba'in da ɗaya a gwangwanin, arba'in da shida a bango. Kullum bayan azahar yana bin su ɗaya bayan ɗaya, minti bakwai cif, ko kwastoma na tsaye sai ya jira.

Wanda ya fi kowa cin moriyar bangon nan shi ne mai askin da ke jikin shagonsa, wanda duk layin ke kira Ɗumi-ɗumi, don ba a taɓa rigansa jin mugun labari ba. Sai ya bar mutum da rabin aski ya faɗo da waya a hannu.

"Baba Eriya, an gama! Wallahi wannan karon duniya ce za ta tashi!"

"Ta tashi sau nawa a watan nan?"

"Baba, ba wasa nake ba."

"Sau huɗu. Na ƙirga. Wane gari ne?"

Ɗumi-ɗumi ya faɗa. Baba Eriya ya miƙa masa biro da salatif. Ɗumi-ɗumi ya rubuta, ya manna, Baba ya girgiza masa gwangwanin madarar a kunne ya ce, "Waɗannan ma duk sun taɓa hawa bango. Je ka ƙarasa wa bawan Allah askinsa."

Wata Talata da hantsi yana gwada wani ƙaramin rediyo mai batir biyu, sai mai karanta labarai ya ambaci garin da Auta take. Yaƙin da ake ta jin ƙishin-ƙishin ɗinsa ya iso can, an rufe hanyoyi, layukan waya sun ɗauke. Auta ita ce ƙaramar 'yarsa cikin biyar, nas ce a asibitin garin, tafiyar kwana biyu a mota daga gida. Ya kira lambarta sau goma sha tara kafin azahar. Ya yanki salatif, ya ɗauki biro, hannun ya ƙi. Gani yake in ya rubuta, ya yarda ke nan 'yarsa ta shiga sahun mutanen da ake ƙirgawa a labarai. Ya murƙushe salatif ɗin ya jefar.

Sai kuma Hajiya, matarsa, ta faɗo masa a rai. Hawan jini gare ta, ƙwaya biyu take sha kullum. Shekara biyu da suka wuce ta yanke jiki ta faɗi a tsakar gida, likita ya ja shi gefe ya ce a kiyaye ta daga abin firgici. Ita ba ta da babbar waya. Duk abin da take ji na duniya daga wani tsohon rediyo ne da ke kan tagar kicin, wanda ya ba ta shekarar da aka haifi Auta.

Daga shago zuwa gida taku ɗari huɗu da sha biyu ne. Ya yi su da sauri, ya tarar tana wanka. Ya kwance noti huɗu, ya zare jan wayar sifika, ya mayar da murfi. Minti uku bai cika ba. Ya bi maƙwabta gida uku ya roƙe su kada a yi maganar a gabanta. Ɗumi-ɗumi kuwa sai da ya sa shi ya rantse.

Da yamma ta ce, "Malam, rediyona ya mutu."

"Tsufa ne. Zan duba."

"Gidan mai gyara ke nan."

"Na ce zan duba."

Laraba ya ce kayan gyaran sai an nemo. Alhamis ya ce ya manta. Juma'a ce ranar da Auta ta saba kira bayan la'asar, wayar ta yi shiru, ya ce matsalar layi ce, kowa ma kuka yake. Hajiya ta ce, "To, Allah ya gyara," ta ci gaba da tankaɗe. Ya ji daɗi da ba ta tsananta ba, ya kuma ji kamar ya saci wani abu a gidansa.

A shago kuwa ya watsar da ƙa'idarsa. Ba gwaji yake ba yanzu, rediyo uku yake kunnawa lokaci guda, kowanne da tasharsa, yana neman a ambaci asibitin. An ambace shi sau biyu: sau ɗaya aka ce an kwashe marasa lafiya zuwa ƙasan gini, sau ɗaya aka ce wuta ta taɓa wani ɓangare. Ya ƙona dutsen gugar wata malamar makaranta. Bayan azahar yana bin sunaye arba'in da shida kamar kullum, amma baki ne kawai ke tafiya, in ya shafa bai san me ya roƙa ba.

Ranar Litinin Ɗumi-ɗumi ya shigo a hankali, abin da bai taɓa yi ba. Ya tsaya yana karanta bangon daga sama har ƙasa.

"Baba, ban ga garin Auta ba."

"Ina ruwanka?"

"Babu ruwana. Amma ni in na kawo labarin garin da ban san kowa ba, biro kake ba ni. Kai naka da 'yarka a ciki ka riƙe a aljihu. Ko wannan ɗin kai za ka gyara?"

Baba Eriya ya yi niyyar korarsa, ya fasa. Mai askin da ya shekara goma sha ɗaya yana kwantar wa hankali ne ya faɗa masa gaskiya, kuma gaskiyar ta zauna daidai. Garuruwan mutane ya miƙa wa Allah ba gardama, nasa guda ɗaya ya ƙanƙame. Ya hana uwar yarinya sani, ya hana ta addu'ar da ta fi tasa. Ya kashe rediyon uku, ya sa ƙarfen dalma da sukudireba a jaka, ya ce, "Kula mini da shago. Kuma kada ka kunna komai."

A ranar taku ɗari biyar da 'yan kai ya yi, don ƙafar ba ta son zuwa. Yana tafe yana tsara yadda zai fara: ta sha magani tukuna, ta zauna, sannan ya faɗa a hankali. Ya tarar tana shanya a bayan ɗaki. Ya shiga kicin, ya sauko da rediyon, ya kwance noti huɗu, ya juya murfin.

Akwai farin salatif a ciki, da rubutun hannunsa: "Talata. Na cire jan wayar sifika. Rediyo lafiyarsa ƙalau." Ko kaɗan bai tuna lokacin da ya rubuta ba. Hannun da ya yi shekara talatin da huɗu yana wannan aiki ne ya yi abinsa.

A ƙasan nasa akwai layi shida da ƙaramin rubutu mai karkata. "Laraba. Na haɗa, na ji, na cire." "Alhamis. Na haɗa, na ji, na cire." Haka har Litinin, ta yau.

"Ka gama karantawa?" Hajiya ce a bakin ƙofa, da kwandon wanki a kwankwaso.

"Ke... da me kika haɗa?"

Ta ɗaga ɗan maƙalin shanya. "Shekara biyar ina riƙe maka waya kana ɗiga dalma, lokacin da shagon ba ko kujera ta biyu. Ka ɗauka barci nake? Na buɗe ne ina zaton kyankyaso ya shiga, sai na tarar da ɓarawon ya bar takarda har da rana."

"Likita ne ya ce..."

"Na san abin da likita ya ce, a kaina ya faɗa. Malam, 'yata ce. In zan roƙa mata, ina so in san wace unguwa aka ambata." Ta ajiye kwandon. "Ranar farko na yi kuka har na kasa tashi daga nan. Sai na tuna bangonka. Kana fita da safe nake shan maganina, in haɗa, in ji sau ɗaya. Sau ɗaya tak. In cire, in yi alwala, in yi raka'a biyu, in miƙa ta ga wanda ya ba ni ita. Sannan in ɗora tukunya."

"Me ya hana ki gaya mini?"

"Na ga shayi yana zubo maka a riga. Na ce bari in bar shi ya ɗauka yana tsare ni, ko ya samu abin riƙewa."

Baba Eriya ya zauna a kan turmi, dogayen ƙafafunsa sun tokare ƙofa. Ya fara dariya, dariyar ta juye ta zama wani abu, ya rufe fuska da hularsa. Ta bar shi ya gama. Da ya ɗago ya ce, "Ki yafe mini." Ta ce, "Sai ka gyara mini rediyona gyara na gaskiya, maƙalin nan na shanya ne."

Ya jona ƙarfen dalma, ta riƙe masa wayar, ɗigo ɗaya ya isa. Ya rubuta layi na takwas a murfin. Labaran ƙarfe biyu tare suka ji, minti biyar, babu sabon abu game da asibitin. Ita ta kashe. Ta karɓi salatif da biro ta rubuta sunan garin da hannunta, shi kuma ya kai shago ya manna. Suka zama arba'in da bakwai. Daga ranar addu'arsa ta koma minti tara, kuma rediyo ɗaya yake kunnawa, wanda yake gyara.

Kwana biyar bayan haka, da hantsin Asabar, wayarsa ta yi ƙara da baƙuwar lamba. Auta ce, da wayar wani direban motar asibiti. Daƙiƙa arba'in da uku suka yi. Tana lafiya, suna ƙasan gini da marasa lafiya talatin, ba za ta baro su ba, a gaya wa Mama ta riƙa shan magani. Layin ya yanke. A wannan karon takun gida bai kai ɗari huɗu ba, kuma mutanen layin sun ce ba su taɓa ganin Baba Eriya yana gudu ba sai ranar.

Da ya dawo ya tarar Ɗumi-ɗumi ya riga ya sanar da kowa, yana tsaye gaban bango da gwangwanin madara a hannu, farcensa a gefen salatif ɗin.

"Baba, in ɓare?"

"Cire hannunka."

"Ai ta kira!"

"Tawa ce ta kira. 'Yata kaɗai ce a garin?" Ya karɓi gwangwanin ya mayar kan katako, ya danna gefen salatif ɗin da babban yatsa inda ya fara ɗagowa. Sannan ya jawo dutsen gugar malamar makarantar nan, wanda ya ƙona, ya fara kwance shi.