Farin Salatif a Kan Wayoyin Esi

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, Allah Ya karɓi ran yayana kuma abokin aikina, wanda duk garejinmu ke kira Sannu-Sannu. Daga Allah muka zo, kuma can ne makomarmu. Da hantsi yana cikin aikin wata mota ya ce kansa na sara masa, ya zauna a kan benci, ya nemi ruwa. Muka kai shi asibiti, kafin la'asar likita ya fito ya gaya mana an yi rashi.

Yaya, har yau ban yi kuka ba. Mutane suna zuwa suna riƙe hannuna, ina amsa musu, ina jin muryata kamar ta wani ce a ɗaki na gaba. Ina cin abinci, ina barci, da safe in buɗe shago. Ban san me ya same ni ba.

Tun muna samari muka raba aikin esi, wato na'urar sanyaya mota: kai wayoyi, ni gas da kwamfiresa. Saboda rashin gaggawarka aka laƙaba maka sunan nan, kuma ni na fi kowa yi maka tsiya da shi. Idan ka jona na'urar gwaji ta fito da lambar matsala, ni sai in ce a canza abin da ta ambata a wuce wurin. Kai kuwa sai ka gyara zaman tabarau ka ce, "Ƙanena, unguwar kawai ta nuna mana, gidan mu za mu nema." Daga nan ka ɗauki mita ka bi waya ɗaya bayan ɗaya. Duk inda ka gwada ka tarar lafiya lau, sai ka naɗa ɗan farin salatif, don kada ka maimaita. In aiki ya ƙare ka bi ka ɓare su tas.

Ba ka taɓa goge lamba ba tare da ka gano dalilinta ba. Na tuna wani direban tasi da ya matsa maka ka goge masa kawai ya tafi. Ka ba shi kujera, ka sa aka kawo masa ruwan sanyi, ka biye masa da hira har ya manta yana sauri, hannunka kuwa na cikin mota. Ashe wayar fanka ce ta fara narkewa. Mutumin ya zo gaisuwar rasuwarka, ya zauna a kujerar nan. Lokacin da matata ta kwanta asibiti ma, kai ka riƙe ɓangarena wata guda. Gas ɗin da ka cika wa mutane dai sai addu'a, amma ko sau ɗaya ba ka kira ni ka ce in dawo ba.

Motar da ka bari a buɗe ta wata malamar makaranta ce. Da ita take kai mahaifinta wankin ƙoda, kuma tsohon ba ya jure zafi, ya taɓa suma mata a cunkoson hanya. Esin yana aiki, amma da mota ta faɗa rami sai ya ɗauke. Lambar ta nuna sensar da ke auna ƙarfin gas. Na ce a sayo sabuwa, ka ce sensar ba ta da laifi. Maganar aiki ta ƙarshe da muka yi ke nan.

Malamar ta zo ta yi mana ta'aziyya, ba ta ko kalli inda motarta take ba. Sai da ta miƙe ta ce, "Kada ka damu da mota, za mu san yadda za mu yi ranar Asabar." Ranar wankin ƙodar ke nan, kuma na san babu yadda za su yi.

Ranar Juma'a na ɗaga bonet ɗin. Ni ba mai waya ba ne, ka fi kowa sani. Na tsaya ina kallon tarin wayoyi, sai na hango farin salatif a bakin sensar. Ga wani a gaba kaɗan. Na bi su da yatsa, suka bi ta bayan fitila, suka gangara gefen batir, suka kewaya wani ƙarfe, sai suka ƙare. Na ƙarshen ma ba ka gama naɗe shi ba, bakinsa na reto. A nan hannunka ya tsaya.

Na ɗauki mitarka na ci gaba daga wurin. Bai fi taƙi ɗaya ba na iske wayar ta gogu da bakin ƙarfe, jan ƙarfenta a waje. Saura kaɗan ka isa, Yaya. Na gyara, na tada mota, na shiga ramukan bayan gareji da gangan, sanyi bai ɗauke ba. Na jona na'urarka na goge lambar, ba ta dawo ba. Na juya in gaya maka kai ne da gaskiya, na ga benci.

Malamar ta ɗauki mahaifinta ranar Asabar, sun je sun dawo lafiya. Salatif ɗinka kuwa na kasa ɓarewa. Suna nan a cikin motarta, suna yawo a gari.

Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka da 'ya'yanka, da mahaifiyarmu wadda har yanzu take ajiye maka kwanonka, da duk 'yan gareji. Allah Ya ba mu haƙuri. Ya Ubangiji, Ka jiƙan bawanKa, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa makwanci. Ya yi rayuwarsa yana nema wa mutane sanyi a cikin zafi. Ka sanyaya masa kabarinsa.