Hantar Jikata

Lokacin da 'yata take da ciki, duk Juma'a sai na tsaya wurin mahauci a bakin tashar Nyanya na sayo mata hanta. A wurin awo sun ce jininta ya yi ƙasa, ni kuwa abin da na tashi na gani ke nan, mai ciki a ba ta hanta da zogale. Nakan tsaya a kanta sai ta cinye, ko tana yamutsa fuska.

Ta haifi mace, ƙawata nake ce mata. Tana da shekara ɗaya da rabi, ina yi mata wanka, na ji wani abu mai tauri ƙarƙashin haƙarƙarinta na dama, kamar ɗanyen mangwaro.

A asibiti aka ɗauki hoto, aka ɗebi jini. Ni sai da na haura arba'in na shiga ajin yaƙi da jahilci, kuma tun daga nan ba mai karanta mini takarda ina zaune. Na karɓe ta daga hannun likita. Haruffan duk na san su. Ban gane komai ba.

"Likita, yi mini Hausa."

"Mama, kansa ce, a hanta. Tun yaro yana ciki akwai ƙwayoyin halitta da ke sa hantarsa girma da sauri. In ta kai, sai su lafa. A tata, wasu ba su lafa ba."

"Wato tun a ciki."

"Da alama."

Na dubi 'yata, ta sunkuyar da kai. Na ce, "Wata shida ina ɗura wa uwarta hanta. Faɗa mini gaskiya, ba na son lallashi."

"Ba ita ba ce, Mama. Ba daga abinci ba ne."

"To laifin wa?"

"Ba na kowa."

Wallahi da ya ce ni ce, da na san abin yi da kaina. Ni masifaffiya ce, kwandastocin Nyanya shaida ne. A nan ba wanda zan ci kwalarsa.

Yanzu ana ɗaura mata ruwan magani, gashinta ya zube. Aikina riƙe mata hannu kada ta fizge allura. Likita ya ce sai ƙarin ya ragu kafin a yi maganar tiyata. Bai ragu ba tukuna.

Juma'ar da ta wuce mahaucin ya hango ni.

"Hajiya, kin yi wuyar gani. Ina ƙawar taki? Ga hanta yankan yau."

Na ce, "Tana nan." Na wuce na bi layin mota.