Fenti a Ƙarƙashin Farce

A barandar ofishin da ke ba malaman zane tallafin ƙaro ilimi, gurbi ɗaya ya rage, mutum biyu ke jira, namiji da mace. Ni kuwa ina gefe, namijin nake kallo. Rigarsa ta sha guga, tafin hannunsa sumul kamar na jariri. Yana waige-waige, yana lakato shuɗin fenti daga wata 'yar kwalba sabuwa fil, yana cusawa a ƙarƙashin faratansa ɗaya bayan ɗaya. Har bakin hannun riga sai da ya ɗiga wa.

Na rantse wannan bai taɓa wanke buroshin ɗalibi ba. Ƙila ƙanin shugaban makaranta ne, aka raɗa masa cewa akwai tafiya da kwanan otal a ciki.

A ƙarshen bencin wata malama ce zaune. Ta dirje hannuwanta da sabulu har sun yi ja, don kada a ce mata ƙazama.

"Mama, wai ke ma zanen kike koyarwa?" in ji shi. "Ai ba ki yi kama ba."

"Shekara ashirin da biyu, ɗana."

Sakatare ya leƙo, ya dubi hannunta, ya dubi nasa.

"Malam mai zane, shigo mana."