Rabin Fuskar Baba

Akwai abin da mutum kan manta tun shekara ba ta zagayo ba, akwai kuma wanda yake zama daram a zuciya. Ranar da na ɗauki mahaifina hoto a ɗakinsa, a gidanmu na Yelwa, ba na jin zan manta da ita har in koma ga Allah.

A lokacin ina koyarwa a wata firamare, kuma sha'awar ɗaukar hoto ta shige ni. Na sayi tsohuwar kyamara a hannun wani abokina da ya bar sana'ar hoton biki, iyakar abin da aljihuna ya iya ke nan. Manyan fitilun nan da fararen laimomi da masu situdiyo ke kafawa sun fi ƙarfina. Don haka sai in kalli bidiyo a waya, in ga abin da suke yi, in nemi madadinsa a cikin gida.

A hankali na fara gane abubuwa. Filashin da ke kan kyamara yana baje fuska, ya sa goshi ƙyalli kamar an shafa man gyaɗa. Hasken taga, in ya zo ta gefe, shi ke fitar da hanci da kumatu. Fitila mai caji tana da kaifi, amma in an yafa mata farin ƙyalle sai haskenta ya yi laushi. Tiren silba na Inna kuwa yana mayar da haske inda aka juya shi. Na gane kuma cewa baƙin bargo yana shanye haske, duk gefen da aka rataya shi sai ya yi duhu. A kan albasa da tulu da busasshen kifi na koyi duk wannan. Inna ta taɓa leƙowa ta same ni na ɗora albasa ɗaya a kan kujera ina zagaya ta da fitila, ta ce, "Wagga albasar miya ce ko amarya?"

Baba kuwa, tun ban san kaina ba yake tuƙa jirgi mai inji, yana kai mutane da kaya ƙauyukan bakin ruwa ranakun kasuwa. Kowa ya san muryarsa a bakin ruwa. Sai hawan jini ya buge shi wata safiya, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Bayan jinya ƙafar ta ɗan dawo, hannun bai dawo ba. Bakinsa ya karkace, fatar idon hagu ta sauko, magana ta yi nauyi. Ya daina fita sai masallacin ƙofar gida, nan ma sai ya ja hirami ya rufe gefen fuskar.

Yana da yaya guda a Wara, wadda muke kira Gwaggo. Ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Tsufa da ciwon ƙugu sun zaunar da ita, ko tsakar gida sai an riƙe ta. Duk lokacin da ta kira waya, Baba sai ya girgiza kai, ba ya son ta ji yadda harshensa ya koma. Mu kuma mu ce mata yana barci, ko yana alwala. Da abin ya ishe ta, sai ta aiko wata mai sayar da kifi da saƙo: a kawo mata hotonsa na yanzu a kan takarda, babba, wanda idonta zai gani. In ba haka ba za ta sa a ɗauko ta a shimfiɗe a bayan mota ta zo da kanta. Kowa ya san za ta aikata, kuma kowa ya san jikinta ba zai ɗauki wannan tafiya ba.

Aka faɗa wa Baba. Sai ya dube ni ya ce, "To, mai hoton albasa, ga aiki ya samu."

Ranar Asabar da hantsi na shirya ɗakin. Tun daren da ya gabata na gama yanke abin da zan yi, kuma ban shawarci kowa ba. Na zaunar da shi kusa da taga, damansa na fuskantar haske. Na rufe ƙofa. Na ɗaura igiya na rataya baƙin bargo a hagunsa, na ce ya ɗan juya kai. Ya sa farar rigarsa ta Juma'a da hula, ya bi duk abin da na ce ba musu. Na ɗauka sau uku ko huɗu.

Da na duba bayan kyamara, na san ban taɓa ɗaukar hoto mai kyan wannan ba. Gefen dama ya fito tas, furfurar gemu ɗaya bayan ɗaya, ido na ƙyalli. Gefen hagu ya nutse cikin inuwa, ba ka ganin karkacewar baki ko kaɗan. Baba ne na da, na bakin ruwa. Na miƙa masa ina jiran yabo.

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, a hankali yadda maganarsa ta koma, "Ina sauran?"

"Sauran me, Baba?"

"Sauran huskata."

Na fara bayani. Na ce haka manyan masu hoto suke yi, salo ne, inuwa tana ƙara wa hoto kwarjini. Ya bari na gama.

"Wanga mutum lahiya lau yake," in ji shi. "Ni kuwa ba lahiya lau nike ba. In ka kai mata wanga, cewa za ta yi tsohon hoto kunka kawo, ta ƙara tabbatarwa na kusa mutuwa. Matar da ta yi man wanka ina tsirara, ita za ka ɓoye ma baki?"

Yau da nake tuna abin, na ga ba wai ban yi tunanin Gwaggo ba ne. Tunanin da na yi mata gajere ne. Ni ne ba na son ganin gefen nan, sai na ɗauka kowa ma haka.

Ya ce, "Cire bargon."

Na cire. Amma ɗakin ba shi da wata taga, gefen hagu har yanzu yana cikin duhu. Na kunna fitila mai caji, haskenta ya fito fari fat bai haɗu da na taga ba, rabin fuska kala ɗaya, rabi wata kala. Na kashe. Sai na leƙa na kira Inna, na ce ta zo da tirenta.

Na tsayar da ita a hagunsa na nuna mata yadda za ta tari hasken taga ta juyo shi kan fuskarsa. Da farko hasken ya tafi rufi. Ta juya, ya dalle masa ido, ya runtse. "Yi haƙuri, Malam," in ji ta. Hasken tiren ya yi kaifi da yawa, sai ta zare farin mayafinta da kanta ta yafa a kai, ba ni na ce mata ba. Na ce ta matso, ta matso. Na ce ta ƙara kaɗan. Hasken ya kwanta a kumatunsa a hankali, ya fito da komai, amma ba da tsanani ba.

A nan na lura da wani abu. Don ta san inda hasken ke sauka, dole Inna ta zuba ido a gefen hagun nan. Tun da ciwon ya same shi, ita ke yi masa komai, amma in tana gabansa idonta kan koma ƙasa ko kan kwano. Ranar ta kalle shi sosai, shi ma ya bar ta ta kalla. Hasken yana ɗan motsi a fuskarsa. Na jira ya tsaya.

Kafin in danna, ya ce in dakata. Ya ciro hankici ya goge gefen bakinsa. Sannan ya kamo shanyayyen hannun da mai lafiyar, ya ɗora shi a kan gwiwa inda zai fito a hoto. Ya ɗaga kai ya kalli kyamara kai tsaye.

Da na kai a wanke, mai situdiyon ya ce zai iya daidaita bakin a kwamfuta cikin minti biyu, ba wanda zai gane. Na ce ya bar shi yadda yake.

Washegari na shiga mota zuwa Wara. Na sami Gwaggo a kwance. Ta ce a tayar da ita a kai ta bakin ƙofa inda akwai haske. Ta riƙe hoton dab da fuskarta, ta bi shi da yatsa daga hula zuwa gemu, ta sauka kan hannun. Ba ta yi kuka ba.

"To," ta ce, "baki ne da ido da hannu. Na zaci ya hi haka." Ta ƙara dubawa. "Ya rame. Amma kallon taurin kan nan nashi yana nan. Shina cin abinci?"

Na ce yana ci.

"Ka ce mishi ya kira ni. Lokacin da yake koyon magana ma, ni kaɗai ke gane abin da yake hwaɗi."

Na dawo na faɗa masa yadda ta ce, kalma da kalma. Ranar Juma'a bayan masallaci ya ce a ba shi waya, a ja masa ƙofa. Daga tsakar gida muna jin muryarsa tana jan kalmomi, da tsawon shirun da yake yi yana saurare. Haka suka riƙa yi duk Juma'a har damina ta gaba, lokacin da Allah ya yi mata rasuwa. Ba su sake haɗuwa ido da ido ba.

Daga baya na sami fitilu na gaske, na ɗauki mutane da yawa, wasu da tabo, wasu da ido ɗaya, wasu da tsufa kawai. Akwai masu son a ɓoye, kuma haƙƙinsu ne, ina ɓoye musu. Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, mai riƙe da fitila shi ke zaɓar abin da za a gani da abin da za a rufe, kuma fuskar ba tasa ba ce. Tun daga lokacin ba na kafa haske sai na tambayi mutum wa za a kai wa hoton, da abin da yake so a gani. Sau da yawa abin da nake jin kunyarsa a madadin mutum, shi tuni ya haƙura da shi, ni ne ban haƙura ba.